Inda Za a Bar Duhu

Shekara talatin ina hawa tsani a garin nan na Alentejo.
Ƙwan fitila ya mutu, in cire, in sa wani.
Iyakar sanina da haske ke nan:
a ƙara, a ƙara, har dare ya ji kunya.

Sai majalisar gari ta ɗauko mana Graciete daga Lisbon,
'yar siririya, da littafi a hammata.
Ba ta tambayi turaku nawa ke dandalin ba.
Ta ce, Baltazar, wa ke zama a nan bayan ƙarfe goma?

Dare bakwai muka yi a benci ɗaya,
tana rubutu, ina hamma.
Ta ƙirga tsofaffin da ke karta a gindin lemo,
su huɗu ne, biyar in Anselmo ya ɓata da matarsa.
Ta shafa matakalar coci da tafin hannu,
ta ukun ta cinye a tsaka,
nan Dona Perpétua ta faɗi bara,
har yau ƙugunta bai yafe ba.
Jemagu suka fito daga hasumiyar agogo,
ta rubuta su su ma,
sai ka ce masu biyan haraji.

Ran da ta shimfiɗa taswira a shagon Firmino
na ga tabo baƙi ƙirin a tsakiya.
Na ce, tawada ta zube?
Ta ce, a'a, nan za mu bar duhu.
Na yi dariya har kofi ya sarƙe ni.
A kashe kuɗin gari a sayi duhu,
abin da ake rabawa kyauta da rana ta faɗi?

Amma mai tsani ba ya ja da mai taswira.
Muka sauke manyan fararen nan
masu mai da fuskar mutum kamar ya kwana a asibiti.
Muka kafa ƙanana, launin zuma,
kowace da hularta, kai a sunkuye,
hasken ya zuba inda ƙafa take,
bai leƙa tagar mai barci ba.
Ɗaya na binne a gefen matakala ta uku.
Biyu a ƙarƙashin leɓen maɓuɓɓuga,
ruwa ya ɗauke su yana lilo da su a bango.
Ta teburin karta kuwa, ta ce in karkata ta hagu,
idon Anselmo na dama ya yi yana.
Sau uku na hau, sau uku na sauko, kafin ta gyaɗa kai.
Hasumiya ba mu taɓa ba.
Ta masu fukafukai ce.

Daren kunnawa shugaban gari ya yi dogon jawabi.
Na danna.

Shiru.

Wani daga baya ya ce, shi ke nan?
Firmino ya ce an yi mana sakiyar da ba ruwa.
Graciete na gefena tana cizon farce,
ni kuwa ina neman inda zan sa fuskata.
Sai jikar mai burodi ta kuɓce daga hannun uwarta,
ta ruga tsakiya, cikin tabon tawadar nan,
ta tsaya cak, ta ɗaga kai.
Mama, wa ya rataya waɗancan?

Muka ɗaga kai, mu ɗari da wani abu.
Ba ni ba ne.
Tsanina bai kai can ba.

Da safe Graciete ta bi motar ƙarfe shida.
Firmino na nan yana ƙorafi ba a ganin allon shagonsa.
Dona Perpétua ta koma addu'ar dare,
tana taka ta ukun a hankali, kamar tana gaishe ta.
Jiya wani ɗan majalisa ya tare ni a kasuwa,
ya ce in ɗan ƙara ƙwai ɗaya a tsakiya, ɗaya tak.
Na ce masa tsanin ya karye,
ana gyara.